Muhawara: Shin Gasar Ƙananan Ƙungiyoyi ta Koma Tamaula?

Manaja Auwalu: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Tun ranar Lahadi nake haɗiye maganar nan, amma tunda an rufe kakar wasa kuma an fitar da teburin ƙarshe, gara in faɗe ta a gaban waɗanda suka san wahalar riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa a ƙaramin rukuni a nan Kano. Mun shiga makon ƙarshe muna kunnen doki a maki da wata ƙungiya a saman teburi, mun ɗara su da ƙwallo ɗaya a bambancin ci, kuma gurbi ɗaya ne kacal na hayewa rukuni na gaba. Mu aka sa muka buga ranar Asabar bayan la'asar, muka yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi, golanmu yana tsaye da ɗauri a yatsa tun daga rabin lokaci. Su kuwa aka ajiye nasu wasan sai Lahadi. Na je filin da kaina na tsaya a bayan raga. Alƙali ya fito da masu ɗaga tuta, yaran can suka motsa jiki, aka jira, aka sake jira, amma abokan karawarsu ba su zo ba, alhali daga unguwarsu zuwa filin adaidaita sahu ɗaya ce, babu canji. Alƙali ya busa, aka rubuta musu maki uku da ƙwallo uku a ɓagas, suka wuce mu da ƙwallo ɗaya ba tare da sun taɓa leda ba.

Wata biyar muna biyan kuɗin alƙalai, muna hayar mota, muna sayen ruwan leda da aljihunmu, kuma rabin yarana 'yan koyon ɗinki ne da kanikanci waɗanda sai na je na roƙi iyayen gidansu kafin a sake su ranar wasa. Tambayata biyu ce. Me ya hana a buga wasannin ƙarshe rana ɗaya, lokaci ɗaya? Kuma wane hukunci aka yi wa ƙungiyar da ta ƙi zuwa? Idan babu amsa, to a daina kiranta gasa, domin ta koma tamaula.

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Auwalu, na karanta kukanka kuma na tausaya maka, amma kalmarka ta ƙarshe ta tsaya mini a wuya. Me tamaula ta yi maka da za ka mayar da ita abin zagi? Mu da tamaula muka tashi, ta tsumma, wadda muke cusa wa tsohuwar safa mu ɗaure bakinta da zare, mu kafa duwatsu biyu a matsayin raga a ƙofar gida, mu buga ƙafa ba takalmi har a kira magariba. A wannan wasa ba mu da alƙali, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi fitowa don ya taimaki wani layi ba, domin abin kunya ne da za a yi ta goranta maka har ka yi aure. Daga irin waɗannan lunguna mutanen da suka buga wa Raccah Rovers suka fito, kuma ita ce ta kawo wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978, tun Kano Pillars ba ta zo duniya ba. Idan da gasarku ta koma tamaula, da ta gyaru. Ka janye kalmar nan, ɗana.

Malam Isa: Ina goyon bayan Baba, kuma zan ƙara da abin da ya shafi harshe. Kalmar tamaula ba ta ɗauke da raini a asalinta. Sunan ƙwallon ne da kuma wasan da ake yi da ita, shi ya sa har yau masu labarin wasanni a rediyo suke cewa gwanin tamaula ko duniyar tamaula alhali suna magana a kan manyan 'yan wasan Turai. Wanda ya ɗauke ta a ma'anar wasan banza, shi ne ya ɗora mata abin da ba nata ba. Da Malam Auwalu ya ce gasar ta rasa tsari, da babu wanda zai ce uffan.

Nura Kurna: Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, amma a bakinmu matasa ba haka take ba. Idan koci ya ce wa yaro ka daina yi mini tamaula a fili, kowa ya san nufinsa, wato ka daina wasan layi, ka riƙe gurbinka. Rediyo daban, bakin fili daban. Yaya Auwalu ya yi amfani da kalmar yadda muke amfani da ita, kuma kowa ya fahimce shi.

Malam Isa: Nura, yawan masu kuskure ba ya mayar da kuskure daidai. Idan matasa sun karkatar da kalma, aikinmu mu miƙe ta.

Koci Habu: Ni Nura ya ambata ko da bai kira sunana ba, domin ni ne nake faɗin haka a wurin atisaye, kuma ba zan janye ba. Baba, da girmanka, abin da kuka buga a lungu ya ba ku gwaninta, amma bai ba ku tsari ba. Yaron da ya taso a layi ya iya yanka, ya iya riƙe ƙwallo a tsakanin mutum uku, sai dai bai san satar gida ba, bai san inda zai tsaya a bugun kusurwa ba, kuma idan ya yi minti sittin a babban fili numfashinsa ya ƙare. Shekarata goma sha ɗaya ina karɓar irin waɗannan yara, kuma kakar farko gaba ɗaya a kan cire musu ɗabi'ar lungu take tafiya. Amfanin ƙaramin rukuni ke nan, shi ne gadar da ke tsakanin layi da gasar Nationwide ta ƙasa, daga can a haye NNL, wato rukuni na biyu na ƙasa, daga can a haye Firimiyar Najeriya. Wanda ya ce layi ya fi gadar, bai taɓa tsayawa a bakin fili da allon canji a hannu ba.

Baba Ɗanlami: Habu, ni kake gaya wa ban tsaya a bakin fili ba? Lokacin da nake sa riga mai lamba huɗu, mahaifinka ne yake riƙe mana jaka. Tsarin da kake taƙama da shi, me ya haifar? A zamaninmu idan ƙungiyoyi biyu na cikin gari za su kara, sai kasuwa ta rage, mutane su hau katanga da bishiya. Yau ku da tsarinku kuna buga wasan neman hayewa a gaban mutum hamsin, rabinsu masu sayar da rake da gyaɗa.

Koci Habu: Allah ya huci zuciyarka, Baba, ban yi nufin raini ba. Amma rashin 'yan kallo ba laifin masu horarwa ba ne. A tambayi su Nura inda suke kwana ranar Asabar da Lahadi.

Nura Kurna: Tunda an jefo mini, zan amsa. Gaskiya ne muna gidan kallo, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wasan Ingila yana farawa a kan minti, wanda aka ce ƙarfe uku ƙarfe ukun ne. A nan kuwa na taɓa barin shago na zo kallon wasan da aka ce ƙarfe huɗu, sai biyar saura aka fara, saboda ana neman tokar da za a ja layin fili, ragar ɗaya gefen kuma da igiyar shanya aka ɗaure ta. Ana cikin wasa mai babur ya ratsa ta tsakiya. Ga ƙurar hunturu, ga babu inda mutum zai zauna. Kuma a daina ɗora wa gidan kallo komai, domin ranar da Pillars take wasa a Ƙofar Mata, mu ɗin nan ne muke cika filin Sani Abacha. Ita ma Pillars ɗin ai ta ɗanɗani ƙaramin rukuni da ta faɗi a 2022, kuma ba mu guje ta ba.

Sabi'u Sai Masu Gida: Nura, ka yi maganarka ka bar Pillars a gefe. Ƙungiyar da ta ci kofin Firimiyar Najeriya a 2008, ta kuma ci uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ba ita za a kawo misali da ita a maganar filin da babur ke ratsawa ba. Ta faɗi, ba mu musa ba, amma kaka ɗaya ta yi ta dawo a 2023. Kuma NNL ba ƙaramin rukuni ba ne irin wanda ake magana a nan, mataki na biyu ne a ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ke son tuna mana 2022 a kowace muhawara, mun san inda zuciyarsa take.

Nura Kurna: Yaya Sabi'u, yabo na yi, ka sake karantawa.

Sabi'u Sai Masu Gida: Na karanta sau biyu. Yabon da aka fara da faɗuwa ba yabo ba ne.

Manaja Auwalu: Jama'a, don Allah. Na janye tamaula, Baba ya yi haƙuri. A kira ta duk abin da aka ga dama. Tambayata tana nan: me ya hana a haɗa wasannin ƙarshe a lokaci ɗaya? Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Tun bayan gasar cin kofin duniya ta 1982, inda Jamus ta Yamma da Ostiriya suka buga bayan sun riga sun san sakamakon Aljeriya, aka tashi ɗaya da nema, sakamakon da ya wadatar da su biyun ya kuma fitar da Aljeriya, duniya ta koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. A nan gida ma mun ga abin da ya faru a Bauchi a 2013 a wasannin neman hayewa, inda Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci tata abokiyar karawar 67 da nema, har hukumar ƙwallon ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Duk a kan bambancin ƙwallaye aka yi wannan. Wanda ya san abin da yake buƙata kafin ya shiga fili, an riga an buɗe masa ƙofa.

Malam Isa: Malam Auwalu, ka ce ka janye, amma ka biyo da cewa a kira ta duk abin da aka ga dama. Wannan ba janyewa ba ce, domin har yanzu kana kan ra'ayin cewa kalmar ta dace, ka dai bar ta ne don Baba ya yi fushi.

Alhaji Garba Rafali: Ni kuma abin da ya ɗauki hankalina shi ne kawo maganar Bauchi. Auwalu, ka san nauyin abin da ka kwatanta? Can an sayar da wasa a fili, kowa ya gani. Nan ƙungiya ce ba ta zo ba, alƙali ya jira lokacin da doka ta ba shi, ya busa, ya rubuta rahoto. Uku da nema ga wanda aka ƙi zuwa wa fili doka ce da ake bi a ko'ina, ba alƙali ne ya ƙage ta ba. Shekarata ashirin da usur a baki kafin in ajiye, an jefe ni da dutse, an taɓa tsare ni a aji a wata makaranta har bayan isha'i saboda fenariti ɗaya, kuma kuɗin da ake ba mu ko na mota ba ya isa wani lokaci. Duk kakar da ta ƙare, wanda bai haye ba sai ya nemi alƙali ya rataya masa.

Manaja Auwalu: Ranka ya daɗe, ban ambaci alƙali da laifi ba ko sau ɗaya. Masu tsara jadawali nake tambaya.

Alhaji Garba Rafali: Ka ce alƙali ya busa aka rubuta musu a ɓagas. Mai karatu zai fahimci abin da ya fahimta. Sannan batun lokaci ɗaya, filaye nawa ne a garin nan masu raga biyu da layi waɗanda ba a yanka an yi shaguna ba? Filin Pillars na Sabon Gari da Mahaha da 'yan filayen makarantu, ƙungiyoyi nawa ke layi a kansu? Alƙalai nawa za a raba a yammaci ɗaya?

Koci Habu: A nan Alhaji ya faɗi gaskiya game da filaye. Filin da na fara horar da yara a kansa yanzu gidaje ne. Amma wasa biyu kawai ake magana, ba ashirin ba, kuma alƙalai shida ba su gagari Kano ba, garin da ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999 da kofin Afirka a 2000 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Bala Fagge: Tunda an zo kan filaye, bari in faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Ƙungiyoyin cikin badala su ake ba filin kusa da lokacin da ya yi musu, mu na waje mu ake turawa nesa. Baba ma da ya tashi yabon zamaninsu, ƙungiyoyin cikin gari ya ce, kamar Fagge da Sabon Gari da Birged ba su taɓa haifar ɗan ƙwallo ba. Ita kanta Pillars da aka kafa a 1990, haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka yi, ba gadon wata unguwa ba ce.

Baba Ɗanlami: Bala, kada ka sa mini magana a baki. Na ce cikin gari ne domin can na taso. Da Fagge muka fi kowa karawa, kuma mun san ƙafarsu.

Sabi'u Sai Masu Gida: Ni dai abin da na sani, duk wanda ya yi suna daga Kano ta hannun Pillars ya bi, ko daga ciki yake ko daga waje. Ga Rabi'u Ali Pele, shekara da shekaru yana riƙe da ƙungiyar. Ga Ahmed Musa, da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan.

Bala Fagge: Ahmed Musa a Jos aka haife shi, a can ya koyi ƙwallo, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta can kafin ya zo nan. Misalinka ma hujja ce a kanku, domin yana nuna sai an je wata jiha an ɗauko wanda aka riga aka raina. Yaran ƙananan ƙungiyoyinmu nawa aka ɗauka bana?

Sabi'u Sai Masu Gida: Mutumin da ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021 bayan ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014 da biyu a ragar Aisland a ta 2018, ya kuma gina wurin wasanni a garin nan, shi kake cewa ba namu ba ne? Ka ji tsoron Allah, Bala.

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum. Ina neman izinin iyaye maza in sa baki, domin ɗana yana cikin yaran Malam Auwalu. Ni ban san tamaula zagi ce ko yabo ba. Abin da na sani, ni nake wanke rigarsa duk daren Juma'a in shanya a ɗaki don ta bushe kafin safiya, kuma takalmin da ya buga kakar nan da shi sau uku ana kai shi wurin mai gyara, har da kuɗin adashina a ciki. A wasa na tara ya dawo gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya, muka kai shi wurin mai ɗori da kuɗinmu, bayan mako uku ya koma fili ban so ba. Ranar Asabar ya shigo gida yana murna ya ce Umma mun haye. Ranar Lahadi da daddare ya shigo bai ce komai ba, tuwon da na ajiye masa da safe na same shi a rufe. Shekararsa goma sha tara, kuma mahaifinsa ya riga ya ce idan bana ba a haye ba, ya koma kasuwar Kwari wurin kawunsa gaba ɗaya. Ina roƙon wanda ya san masu shirya gasar ya tambaye su dalilin da ƙungiyar can ta bayar na rashin zuwa, ko don in sami abin da zan gaya masa.

Koci Habu: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Sadiƙ yaro ne mai ƙafar hagu mai kyau, na gan shi. Kuma na ji daɗi da kika faɗi shekarunsa na gaskiya, domin wannan ita ce babbar cutar ƙananan gasa. Akwai ƙungiyoyin da ke zuwa da magidanta masu 'ya'ya uku a ce matasa ne. Shi ya sa tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya.

Bala Fagge: Wace ƙungiya kake nufi da magidanta, Koci? Ka fito fili. Gasar nan ba ta da iyakar shekaru, kuma kyaftin ɗinmu bai taɓa ɓoye iyalinsa ba.

Koci Habu: Ban kira suna ba.

Bala Fagge: Ba sai ka kira ba, tun wasanmu na zagayen farko kake yaɗa wannan magana.

Alhaji Garba Rafali: To, jama'a, dare ya yi, kuma a matsayina na mai kula da zauren nan zan taƙaita abin da aka tattauna in rufe. Na farko, an yi ittifaƙi cewa kalmar tamaula ba ta dace ba, Baba da Malam Isa sun yi bayani mai gamsarwa, kuma mai maganar ya janye. Na biyu, ya tabbata cewa alƙalin wasan Lahadi ya bi doka sau da ƙafa, babu wanda ya kawo hujja ko ɗaya a kansa, don haka kwatanta abin da na Bauchi bai kamata ba tun farko. Na uku, mun ga cewa ƙarancin filaye da guduwar matasa zuwa gidajen kallo su ne tushen matsalar, kuma waɗannan ba a hannun masu shirya gasa suke ba, mutanen da ke aikin nan don Allah ba tare da albashi ba. Maganar ciki da waje da maganar shekaru, a bar su, ba su da amfani. Ina ba manajoji shawara su riƙa cin wasanninsu da ƙwallaye masu yawa tun farkon kaka, don kada su dogara da ranar ƙarshe. Muna taya ƙungiyar da ta haye murna, muna yi wa yaron Hajiya addu'ar samun sauƙi. Allah ya kai mu kaka mai zuwa.

Manaja Auwalu: Ranka ya daɗe, ba a yi ittifaƙi ba, domin Nura da Koci ba su yarda ba, kuma tambayoyina biyu babu ko ɗaya a cikin taƙaitawarka. Na rubuta takardar ƙorafi, gobe bayan azahar zan kai ta da hannuna, kuma zan nemi a nuna mini rahoton wasan Lahadi da dalilin da ƙungiyar can ta rubuta. Maman Sadiƙ, ki gaya masa zan biyo ta gida da daddare in ga mahaifinsa.